Baƙon da Ba a Shigar da Shi Ɗaki

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta bakin kogi a Haɗeja ya san ƙamshin gidanmu tun kafin ya san ƙofarsa. Hayaƙin banda ne. Kakata ta wajen uba, Iya Fanna, sana'arta ke nan tun tana amarya. Masunta su kawo mata kifi da sanyin safiya, ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke da tsinke, ta jera a kan waya, ta hura wuta a ƙasa. Ba ta zuwa kasuwa, kasuwa ce ke zuwa zaurenta. A makaranta yara suna ce mini Habu mai ƙaurin kifi, ni kuwa ko a jikina, don na san iyayensu a ƙofarmu suke layi.

A hannunta na girma. Mahaifina tela ne, irin wanda ba ya iya cewa a'a. Ina ƙaramin ɗan firamare, a ƙarshen wani azumi, ya tara ɗinkin sallah har ɗakin kwanansa ya cika da yadi. Ya jawo keken ɗinkin ya ajiye a bakin gado, yana ɗinki ba dare ba rana. Hawan jini gare shi, ya kuma sani. A kan keken nan ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bai ga sallar ba. Mahaifiyata ta koma wajen danginta a Kafin Hausa bayan takaba, ni kuwa Iya ta ce ba inda maigidanta zai je. Haka take kirana, Maigida, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza.

Iya tana da wata ɗabi'a da mu jikokinta muka mayar abin dariya. Tsakanin ɗakinta da rumfar banda bai kai jifan ƙaramin yaro ba. Amma in gari ya waye, ta sha kokonta, sai ta ɗaura zanen aiki, ta yafa mayafi kamar mai shirin unguwa, ta fito ta bi ta bayan rijiya, ta zagaya turken awaki, ta leƙa rumbu, ta sake zagayowa, sannan ta tsaya a bakin rumfar ta yi sallama da ƙarfi. Babu kowa a ciki sai kifi. Mu kuwa mu laɓe a bayan randa muna amsa mata da muryar tarwaɗa.

Wata rana na tambaye ta, na ce, "Iya, wai wa kike yi wa sallama?"

Ta ce, "Maigida, wanda bai bar gida ba ai bai isa kasuwa ba. Kai da ba ka iya cefane ba, ina ruwanka?"

Hausarta da ɗan gargadar Barebari, don iyayenta daga gabas suka zo, wajen tafkin Chadi. In muka kwaikwaye ta sai ta jefe mu da kan kifi, mu cafe mu cinye.

Bayan sallar isha'i ake hura wutar ƙarshe, ta busar da abin da ya rage. A nan muke taruwa, jikoki da 'ya'yan maƙwabta, kowa da guntuwar tabarmarsa. Sauro na fadama ba ya wasa, amma hayaƙin yana kore mana shi. Iya tana zaune a kan kujerar tsugunno, hannunta ɗaya yana juya kifi, fuskarta tana ƙyalli da wuta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta ce, "Ga ta can tafe a kwalekwale." Mu ce, "Ta iso gaci lafiya mu ji ta." Tana da su da yawa, na gizo da na kura da na aljanun ruwa, amma akwai guda da take yawan maimaitawa har muka haddace ta.

Wai a wata shekara cutar agana ta shigo ƙasar fadama, tana bin gari gari. Sarkin ruwa ya sa aka yi shela a ɗaure kwalekwale duka, kowa ya zauna inda yake, ba shiga ba fita. A kan wani tudu da ruwa ya kewaye akwai wasu 'yan'uwa biyu masu saƙar tarun kamun kifi, Modu da Ari, kowa da gidansa. Suna zaune, hannu ya rasa abin yi, sai ga wani baƙo ya ɓullo daga cikin ciyawa, ɗan siriri, da 'yar tabarma a hammata. Aka tambaye shi sunansa, ya ce sunansa Aiki, masauki yake nema.

Modu ya yi masa maraba, ya share masa zaure, ya ce nan ne wurinka. Kullum da safe sai ya wanke fuska, ya zagaya tudun ya gaida ruwa, ya zo zaure su yi saƙa tare. In rana ta yi sanyi ya ce, "Baƙo, sai da safe," ya shige wajen iyalinsa. Baƙon ya ce a bar shi ya shigo ciki mana, ga hira ga ɗumi. Modu ya ce ina, a gidanmu baƙo ba ya wuce zaure.

Da baƙon ya je gidan Ari kuwa, sai Ari ya ga ai ya tsinci dami a kala. Yana zama kusa da shi zare sai gudu yake a hannunsa. Ya ce wannan ai ba baƙon zaure ba ne, ya kama hannunsa har ƙuryar ɗaki. A nan Iya takan sassauta murya. Baƙo ya cinye tuwon Ari, Ari ya ce ba komai. Ya hau tabarmar Ari, Ari ya koma bakin ƙofa. Ya karɓi barcin Ari ya sa a aljihu. Matar Ari ta yi magana, aka ce ta yi shiru baƙo na ji. Taru yana ta tsawo, baƙo yana ta ƙiba. Rannan abinci ya ƙare, baƙo ya ce, "Mai masauki, yunwa nake ji." Ari ya duba gabas ya duba yamma, babu komai sai jikinsa. Sai ya fara gutsura yana ba shi.

Da ciwo ya wuce aka kwance kwalekwale, Modu ya fito da tarunsa a kafaɗa, ƙwanjinsa cike, ya shiga ruwa. Aka jira Ari, shiru. Da aka ɓalle ƙofarsa sai ga taru tuli har rufin ɗaki, baƙo ya yi gaba. Shi kuwa Ari ya zama wani abu dogo siriri, ya nannaɗe, bakinsa a wutsiyarsa, ya nutse cikin laka. Iya ta ce, "Shi ne gaiwa. In kuka haƙo ta da rani a busasshen tabki, ku duba da kyau, jikinta take ci."

Ni yaro ne mai gardama. Na ce, "To Iya, a cikinsu wa ya fi taru da yawa?"

Ta ce, "Ari mana. Sai dai magada ne suka jefa."

Daga nan ta ce ƙurunƙus kan tarwaɗa, ta ja toka ta rufe garwashi, ta miƙe tana dafa gwiwa. Ta fuskanci rumfar ta ce, "Aiki, sai da safe in Allah ya kai mu. Kada ka biyo ni." Ko da dillali zai zo yana buga ƙyaure da kwandon kifi, ba za ta sake kunna wutar ba. Takan ce a barbaɗa gishiri a rufe, gobe ma rana ce. Mu dai daɗin labarin muke ji, muna tsokanar duk wanda ya rame a cikinmu da sunan Ari. Ban taɓa kawo wa raina cewa matar da ke ba mu wannan labari ta binne ɗanta saboda irin wannan baƙon ba.

Shekaru suka tafi, Iya ta riga mu gidan gaskiya. Na yi karatu na zama malamin gona, ina yawo a babur cikin fadama, daga ƙauyukan wajen Baturiya har tudun Birniwa, ina ba manoma shawara a kan iri da taki da ƙwari. Na gaji gidan nan namu, na yi aure, Allah ya ba mu 'ya mace, Ummi. Matata Saudatu ma'aikaciyar jinya ce. Na kuma gaji wani abu daga mahaifina ban da gida, wato hawan jini, amma yawon babur da tafiya a kan kunyoyin gona suna riƙe mini shi.

Sai ga shekarar korona. Aka rufe ofis, aka ce kowa ya yi aiki daga gida. Da farko har murna na yi, na ce babur zai huta, ni ma in huta. Na ɗora kwamfuta a kan gado, waya a gefen matashi. Ashe ban san dawan garin ba. Lokacin girbin shinkafar rani ne, ga shirin damina ya matso, manoma ba su ganina sai su kira. Wani ya kira da asuba, wani ana cikin cin abinci. Ofis kuma suka gano cewa mutumin da ke gida kullum yana nan, sai taro a waya, sai rahoto a kan rahoto. In an kawo wuta, ko wane lokaci ne, sai in tashi in yi caji in ci gaba. Azumi ya zo ya same ni a haka. Ƙafafuna suka fara kumbura, ƙeyata tana sara, in na miƙe sai in ga duhu. Ummi ta daina shigowa ɗakin, don kullum amsar da take samu ita ce, bari in gama wannan.

Rannan Saudatu ta dawo daga asibiti, ta yi wanka ta sauya kaya kamar yadda ta saba kafin ta taɓa kowa, sannan ta zo ta ɗaura mini abin awon jini a dantse. Ta duba, ta sake aunawa. Ba ta faɗa mini abin da ta gani ba. Ta zauna a bakin gado ta ture kwamfutar gefe.

Ta ce, "Baban Ummi, kullum tsorona kada in kwaso ciwon nan in kawo muku gida. Ashe ba shi ne zai kai ka gadon asibitinmu ba. Ka san abin da ya ɗauke Baba. Shekarunka sun kusa nasa."

Na ce, "To ya zan yi? Aiki ne."

Ta ce, "Na ji aiki ne. Amma ni ban taɓa ganin inda aka kwana da aiki a gado ɗaya ba sai a gidan nan."

Maganar ta doke ni. Na dubi gadon, ga kwamfuta a inda matashina ya kamata ya kasance, ga igiyoyin caji sun nannaɗe a bargo, ni kuwa ina raɓe a gefe. Sai na ji muryar Iya tar a kunnena, baƙo ya hau tabarmar Ari, Ari ya koma bakin ƙofa. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka fito da mahaifina daga ɗakinsa.

Washegari na share zaure. Na fitar da tsofaffin tayoyi da buhunan da suka shekara a wurin, na kafa tebur da kujera, na kai kwamfutar can. Saudatu ta nemo mini likita a waya ya gyara mini shan magani yadda zai dace da azumi. Daga ranar, in gari ya waye sai in yi wanka, in sa kaftani da hula kamar mai tafiya ofis, in yi wa iyalina sai na dawo. In bi ta bayan rijiya, in zagaya inda turken awakin Iya yake a da, in yi ta zagaye har jikina ya yi ɗumi. In ja ruwa da guga in shayar da irin shinkafar da na yafa a tsofaffin bahuna don gwaji. Sannan in tsaya a ƙofar zaure in yi sallama. Ummi tana bayana tana ƙyalƙyala dariya, tana cewa, "Mama, Baba yana gaida tebur!" Ban ji kunya ba ko kaɗan. In an yi la'asar in rufe kwamfuta, in bar wayar aiki a kan tebur, in yi wa baƙona sai da safe, in ja ƙofa.

Na sanar da manomana cewa daga hantsi zuwa azahar ni nasu ne. Ba duka suka ji daɗi ba. Malam Bukar, wani dattijo mai gona a wajen Baturiya, ya ce, "Malam Habu, tsutsa fa ba ta san lokacin tashi daga ofis ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma kai ma ba ka feshi da duhu. Ka duba gonar da safe, ka kira ni da hantsi kana tsaye a cikinta, ka faɗa mini abin da idonka ya gani."

Ya yi tsaki, amma ya yi hakan. Abin mamaki, sai aikin ya fi kyau. Mutum yana cikin gonarsa yana kwatanta mini ganye, ni kuma kaina a sake, na yi barci, sai shawara ta fito daidai. Tambayar da na ga ta yi yawa sai in naɗi amsarta da murya sau ɗaya in tura, su kuma su yi ta tura wa juna. Rahoton da a da nake kwana a kansa ina gyara kuskuren gajiya, yanzu kafin azahar na kammala. Kumburin ƙafa ya saɓe. Muka koma shan ruwa tare a tsakar gida, a kan tabarma ɗaya. Ba zan ɓoye ba, na ji kaina ya yi girma. Duniya tana ta neman dabarar aiki daga gida a waya, ni kuwa tsohuwa mai bandar kifi ta riga ta koya mini tun ina yawo ba wando.

Gwajin gaske ya zo ana saura kwanaki kaɗan sallah. Na idar da la'asar, hannuna a kan murfin kwamfuta, sai shugabanmu na ofis ya kira. Mutumin kirki ne, amma shi ma daga sama ake matsa masa. Ya ce ana son babban rahoto na duk yankina kafin sallah, ko da zan kwana a kai. Ya ƙara da cewa, a hankali, ana duba waɗanda za a rage saboda halin da ake ciki, kada in ba da ƙofa.

Na san aikin, na san ba zai ƙare ba sai na haɗa dare da rana har jajibere. Na kuma san abin da rasa aiki yake nufi a irin wannan lokaci. Daga cikin gida ina jin Ummi tana rigima a kan lallen sallah. Ƙarshen azumi, aiki tuli, a gama kafin sallah. A daidai wannan gaɓar mahaifina ya ce to.

Na ce, "Yallaɓai, rabinsa zai iso ka gobe kafin azahar, kuma ba za ka sami abin gyara a ciki ba. Sauran sai bayan sallah."

Ya ce, "Habu, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

Na ce, "Na sani, yallaɓai. Ina da hawan jini. Mahaifina aikin sallah ne ya kashe shi, ina ƙarami. Ni ina so in ga wannan sallar."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu," ya kashe. Ban gane ko yarda ce ko sallama ba. Na ja ƙofar zaure, na shiga gida na tarar ana dama kunun shan ruwa. Na karɓi ludayi na taya su.

Rahoton ya tafi yadda na ce, rabi kafin sallah, rabi bayanta. Ba wanda ya yaba mini, ba kuma wanda ya kore ni, har yau ina nan ina yawo a fadama. Amma ko da an kore ni, ba na jin zan yi nadama. Sai da na girma na gane cewa Iya ba ragwanci take koya mana ba, don ban taɓa ganin mai aiki kamarta ba, ta ciyar da gida guda daga rumfa ɗaya har tsufanta. Ta san darajar baƙon nan, shi ya sa take yafa mayafi ta je masa da sallama. Ta kuma san abin da yake yi wa wanda ya kai shi ƙurya. Ba ta iya zaunar da mu ta ce ga yadda ubanku ya tafi, bakinta ba zai ɗauka ba. Sai ta sa masa suna Ari, ta ba mu shi a bakin wuta, tana maimaitawa har ya zauna mana a ka. Ni ta yi wa tanadi, don ta san jinin wa ke jikina. In na tuna haka sai in ji tausayinta, in kuma ji alfahari da cewa ni jikanta ne.

Ranar sallar an ɗan sassauta, aka ce a je idi amma kowa da takunkumi. Ban yi sabon ɗinki ba a shekarar, tsohon kaftanina Saudatu ta goge mini. Na fito da ƙafafuna, Ummi ta kama ɗan yatsana da hannunta mai lalle. Tun ina yaro nake zuwa idi ina kallon yaran da ke riƙe da hannun iyayensu, ni kuwa ina bin bayan maƙwabta. Muna tafe ana kabbara ta ko'ina, hawaye yana jiƙa mini takunkumi, ban ma san na ɗaga ƙafa ba.

Ummi ta ja hannuna ta ce, "Baba, ka rage sauri mana."

Na rage. Muka isa a sahun baya, ni da 'yata, ba abin da ya wuce mu.